Baba da Gonar Mutanen Fir'auna

Injin ban-ruwa ne ya jawo min komai. Duk wanda ya taɓa gadin inji a lambu ya san aikin: ka tayar da shi, ka ja tiyo zuwa komin albasa, sannan ka zauna kana kallon ruwa yana tafiya a hankali kamar ba zai isa ba. Shekarar da na gama sakandare, ni Baba ya ɗora wa wannan aiki a fadamarmu da ke gefen Badafi, a ƙasar Kiru. Ga dogon yini, ga ƙarar inji da ba ta barin mutum ya yi hira da kowa, ga waya a aljihuna.

Wata rana bayan sallar azumi ina zaune ina tuna labarin Fir'auna da muka sha ji a wurin tafsiri, sai na ce bari in tambayi wayar nan, shin mutumin nan ya bar wani abu a bayan ƙasa kuwa? Tabɗi! Ashe aiki na taro wa kaina. Na faɗa shafin wani gidan adana kayan tarihi, inda za ka taɓa hoto ka ja shi da yatsu ya yi girma har ka ga tsagar da ke jikin tukunya. Daga nan na faɗa darussan bidiyo na kyauta, wata tsohuwar malama mai farin gashi tana bayani da Turancin da sai na maimaita kafin in kama. Akwai kuma wani shafin da ya fi cinye ni, wanda za ka shiga cikin kabarin mutanen da, kana tura yatsa kana tafiya lungu-lungu, kana kallon zanen da ke bango. Sabis a fadamarmu kuwa sai ka ɗaga waya sama kamar ɗalibi mai neman izinin magana. Don haka duk ranar da na kai kaya kasuwar Kwanar Dangora, nan nake cika wayar da darussa, in dawo in yi ta ci har sati ya zagayo.

Wallahi na kamu. Har na fara zana tsuntsayen rubutunsu da tsinke a jikin laka. Sau nawa ruwa ya cika komi ya ɓalle ya shiga na maƙwabta ina can Masar, ba zan iya faɗa ba.

Da lokacin neman jami'a ya yi, ban yi wata-wata ba na nemi fannin tarihi, aka kuwa ba ni gurbi. A gidanmu ba a hana kowa karatu, yayyena mata ma duk sun yi. Amma ba a fita sai da albarkar Baba, ni kuma ban taɓa tunanin in taka ƙofar gida ba tare da ita ba. Na same shi da yamma a tsakar gida yana gyaran ƙotar fartanya, Inna tana gefe tana dama fura. Na durƙusa na gaya masa.

Ni ne ɗansa na fari a maza, kuma sunan mahaifinsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Madalla. Kai wannan, me za ka karanta?"

Na ce, "Tarihi, Baba."

"Na annabawa?"

"Na mutanen da. Har da na Masar."

"Masar ta malamai?"

Da na yi shiru a nan da an wuce wurin. Amma bakina ba ya ajiye magana. Na ce, "A'a, ta kafin nan. Ta zamanin Fir'auna."

Inna ta saki ludayi a cikin ƙwarya ta ce, "Innalillahi!" Baba ya ajiye fartanya, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Mutumin da Allah Ya nutsar a ruwa, kai ne za ka je ka tsamo shi? Ga aikin gona, ga aikin asibiti, duk ba su yi maka ba sai wannan? Ba da yawuna ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni idan raina ya ɓaci sai in yi ta zuba. Na yi bayanin dalar duwatsun da suka gina, na yi bayanin gawarwakin da suke naɗewa, na ce har yau ana ganinsu a cikin gilashi. Kai, ashe ƙara ɓata lamarin nake yi. Inna ta toshe kunne. Daga ranar ta hana a yi cajin wayata a ɗakinta, wai ba za ta kwana da matattun kafirai ba. Idan na manta wayar a kan tabarma, da bakin tsintsiya take ture ta. Labari ya fita gari, abokaina suka sa min suna magatakardan Fir'auna. In na wuce majalisa sai wani ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya maigidan naka, ya fito daga ruwan kuwa?" Ina dariya da su, amma hankalina ba a kwance yake ba, domin lokacin rajista yana ta matsowa, ana cewa kafin a gama cire albasa za a rufe.

Innar da ke ture min waya da tsintsiya, ita ce ta ba ni dabara. Ta ga na daina cin tuwo yadda na saba. Wata safiya ina shirin fita ta ce, "Kai, zo nan. Kana ta cika wa babanku kunne da surutu. Yaushe ka taɓa ganin ya yarda da mutane don magana?"

Gaskiyarta. Baba yana da wata al'ada da kowa ya sani. Ba ya yanke hukunci a kan mutane sai ya ga gonarsu. Lokacin da aka zo neman auren babbar yayarmu daga wajen Tudun Wada, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mota ya hau ya je, ko gidan mutanen bai shiga ba, ya zagaya gonarsu ya duba kunya-kunya, ya dawo ya ce a sa rana.

Inna ta rage murya ta ce, "Su waɗannan mutanen naka, a'uzu billahi, suna da gona?"

Na ce, "Suna da ita, Inna."

Ta ce, "To, kai ka sani. Ni ban ce maka komai ba."

Ranar nan, da rana ta take, muka kashe inji ya huta, muka zauna a gindin mangwaro ni da Baba. Na buɗe kabarin wani mutum da bangonsa ke cike da zanen aikin gona. Ban ambaci Masar ba. Na ce, "Baba, ga wata gona ka gani."

Ya karɓi wayar ya miƙa ta nesa da ido, ya kare ta da tafin hannu saboda haske. Ga mutane nan a jere, wani yana riƙe da garma a bayan shanu, wani yana bin sa yana watsa iri. Baba bai san lokacin da bakinsa ya ce, "Sannunku da aiki," ba. Mutum ne da ba ya iya wuce masu aiki a gona bai gaishe su ba. Na cije leɓe, don na san in na yi dariya shi ke nan, magana ta ƙare.

Sai ya shiga duba gonar kamar ta maƙwabcinsa. Ya ce, "Kai, ji yadda suka ɗaure karkiya a ƙaho. Ai za su gajiyar da shanun. Amma shanun sun ƙoshi, ba laifi. Irin na Fulanin Doguwa ne, dubi ƙahon." Na nuna masa yadda ake tura hoto da yatsa. Yatsansa ya yi kaushi da aiki, wayar ta ƙi jin sa, sai da ya lasa shi tukuna. Ya ga masu shiƙa, ya ce sun iya, sun san inda iska take. Ya ga rumbuna ya gyaɗa kai. Ya ga salkar ruwa a rataye a reshen itace. Ya ga wasu 'yan mata biyu masu kala sun kama gashin juna suna dambe, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kan zangarniya ɗaya ne, na rantse." Can ga wata zaune tana cire wa 'yar'uwarta ƙaya a ƙafa. A gefe kuma wani ya jingina da itace yana gyangyaɗi ana ta aiki. Baba ya ce, "Ko'ina da irin wannan," ya ɗan dube ni ta gefen ido.

Na buɗe masa wani zanen na daban. Wani mai lambu ne tsaye a bakin ruwa, yana jan igiyar da ke rataye a doguwar sanda, guga a ƙarshen igiyar, curin laka a ɗaya ƙarshen sandar. Dariyar Baba ta tsaya. Ya matso da wayar kusa da fuska.

Ya ce, "Wannan ai jigo ne."

Ni a darasi na san abin, da sunan Turanci. Ban taɓa sanin muna da shi ba. Baba ya ce da shi mahaifinsa ya yi ban-ruwa a wannan fadamar kafin zuwan inji, shi ma da shi ya tashi, har kafaɗarsa ta yi kanta. Ya nuna min da baki inda nasu yake a da, wajen wata gaɓa da yanzu ciyawa ta rufe. Sannan ya ce, "Mutanen wane gari ne?"

Ba zan yi masa ƙarya ba. Na ce, "Masar ce, Baba. Zamanin Fir'auna."

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Duk waɗannan Fir'auna ne?"

"A'a, talakawan ƙasar ne. Manoma."

"Ashe da manoma a ƙasar," in ji shi. "To ai dole. Wa zai ciyar da shi?" Ya miƙo min wayata, ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce in tayar da inji. Ko kalma bai ƙara ba har muka koma gida. Na ce shi ke nan, na yi ta banza. Ranar haushin kowa nake ji, har akuyar Inna sai da na daka wa tsawa.

Kwana biyu bayan nan na iso lambu da safe na tarar Baba ya riga ni. Ya saro gwafa biyu ya kafa a bakin ruwa, ga doguwar sanda a ƙasa, yana cuɗa laka da ƙafa, wando a naɗe har gwiwa. Ya ce, "Ka tsaya kana kallona? Kamo nan." Muka ɗora sanda, ya ɗaure gugan da ya ɗauko daga rijiyar gida ba da sanin Inna ba. Kafin hantsi tsofaffin fadamar sun bar aikinsu sun taru. Gardama ta kaure. Wannan ya ce lakar ta yi kaɗan, wancan ya ce a Bebeji ba haka ake ɗaurin ba, wani mai tsumagiyar gemu ya rantse shi a zamaninsa yana shayar da lambu guda kafin azahar, aka yi masa ca aka ce ƙarya yake yi. Samari kuwa, sa'o'ina, suka tsaya suna tambayar mene ne wannan. A cikinmu babu ko ɗaya da ya taɓa gani.

Baba ya kama igiya ya ja, guga ya nutse, ya sassauta hannu, sai ga shi ya taso da kansa cike da ruwa. Ya juye a magudana. Ya sake, ya sake, jikinsa yana tafiya da abin kamar jiya ya bari. Tsofaffi suka ɗau shewa. Aka ce magatakarda ya zo ya gwada. Na ja da ƙarfi irin na mai tayar da inji, na saki gaba ɗaya, guga ya yi sama ya juye min a ka, na zame na zauna daɓas a cikin laka. Dariyar da aka yi min ranar, na tabbata an ji ta a Ɗansoshiya.

Da mutane suka watse, ina matse riga, Baba ya ce, "Wayar taka ba ta jiƙe ba?" Na ce tana rataye a mangwaro. Ya ce, "Ɗauko. Ka ɗauke ni ina ja."

Ya gyara hula, ya kama igiya, ya tsaya a karkace daidai yadda mutumin cikin zanen ya tsaya. Na ɗauka. Ya zo ya duba, ya sa na buɗe na Masar ɗin, ya kalli wannan ya kalli wancan.

Ya ce, "Ka gani? Su, wani ya zauna ya zana nasu, ga shi har ni na gani na gane. Na mahaifina ba wanda ya zana. Jiya-jiyan nan ne fa, amma jikansa ma bai san shi ba." Ya goge lakar da ke hannunsa. "A makarantar taku, ana koyar da yadda ake adana irin wannan? Ko sai na Masar kaɗai?"

Na ce, "Ana koyarwa, Baba. Har namu."

Ya ce, "To ka je. Allah Ya yi maka albarka."

Na durƙusa a cikin lakar nan don in yi godiya. Daɗi ya kama ni har ina jin kunyar hawayen da ke zubo min. Baba ya kau da kai kamar bai gani ba, ya kama igiyar jigo ya ci gaba da ja.

Ya ce, "Amma kada ka daɗe. Ka ga tsofaffin da suka taru ɗazu? Mu ke nan muka rage."