Abin da Injina Ya Jiyo a Zauren Gwaggo

Shekarar da na ajiye alli, bayan na ƙarar da muryata a kan ƴaƴan mutane a lakwal, wato makarantar boko, sai na rasa abin da zan yi da hantsina. Wasu in sun huta sukan kama kiwon tumaki, wasu su koma sahun gaba a masallaci. Ni kuwa Allah ya jarabce ni da son tsofaffin kuɗi: kwabo mai huda, anini, tamma ta zamanin Faransa. Ba don in sayar ba. Ina dai son in riƙe ɗaya a tafin hannu, in yi ta tunanin wanda ya yar da shi, da irin faɗan da ya sha a gida ran nan.

A lokacin samarin da suka tafi Jado neman zinariya suna ta dawowa Filinge, akasarinsu da tari da labari kawai. A hannun ɗaya daga cikinsu na sayi injin neman ƙarfe. Sanda ce mai faifai a ƙasa, da maɓalli guda, da wata allura mai rawa a cikin gilashi. An ɗaure wuyanta da robar taya. Araha ba ta ado, amma ni na ɗauke ta kamar amarya na kai gida.

Kuskurena shi ne da na ɗauki hotonta na tura wa taubashina. Ɗan gwaggona ne, yana aiki a wani ofis a Yamai, kuma tun muna yawo ba wando bai taɓa ganin na riƙe abu ya bar ni da shi ba. Da ya zo konje, wato hutun aiki, bayan girbin hatsi, sai ga shi da nasa injin, sabo fil, a cikin jakarsa. Mai allo ne da lambobi, da abin sawa a kunne, ga shi ba nauyi. Ya ce nasa yana bambanta baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da azurfa, in ka so ma sai ka hana shi kula baƙin ƙarfe sam.

"Naka hwa, mushe, mi shika bambantawa?" ya tambaye ni, don mushe ake ce wa malamin lakwal a wurinmu.

Na ce nawa ba ya nuna wariya, kowane ƙarfe ɗan'uwansa ne.

Amma ba injin kaɗai ya kawo shi ba. Kowane zuwa yakan zo da magana guda, wato ya ɗauke mahaifiyarsa ya kai ta Yamai. Gwaggo ta tsufa, gwiwa ta ƙi, ita kaɗai ta rage a gidan mijinta, ga labaran ƴan bindiga da ake ji daga wajen Abala ba masu sa barci ba ne. Ita kuma amsarta ba ta sauyawa: "Nan anka aje ni, nan nike." Ni ina bayanta, ba don na fi ɗanta hankali ba. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar mahaifiyata, kuma har na yi furfura ban taɓa wuce la'asar ban zauna a zaurenta na sha fura ba. In ta tafi, ban san inda zan kai la'asar ɗina ba. Wannan ban taɓa faɗa wa taubashina ba, don da ya samu abin yi mini dariya har ƙarshen rayuwa.

Muka fara gwaji a tsohon filin kasuwa. Nawa, da na kunna shi, sai ya kama ihu. Marfin kwalba, ihu. Ƙusa, ihu. Gwangwanin sardin da aka ci tun zamanin soja na farko, ihu har da rawar allura. In na matsa kusa da marmara kuwa, sai ya yi ta kuka ba dalili, kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Kafin azahar na haƙa ramuka sun fi na gafiya, ya kuma cinye mini pil, wato batir. Taubashina yana tafe a natse, kunnuwa a toshe, sai can ya tsaya ya duba lamba, ya duƙa, ya fito da dala ɗaya ta jiya-jiyan nan. Gaskiya a yashi nasa ya fi kaiwa ƙasa in abu ƙarami ne, kuma ba ya sa mutum haƙan banza. Na yarda da haka a zuci, a baki kuwa na ce injin malalata ne.

Kwana biyu ba a yi ba gari ya ɗauka cewa mushe da ɗan Yamai sun gano zinariya. Wani manomi ya biyo mu da hauya yana cewa in a gonarsa ne, kashi uku za a yi. Muka ga abin zai zama magana, sai muka ce mu koma cikin gida, mu binne kuɗinmu da kanmu, mu ga wanda zai riga tono su. Tsakar gidan Gwaggo ta fi faɗi, ranar kasuwa ce kuma, ta fita sayen daddawa, wadda ba ta yarda kowa ya zaɓar mata.

Ba mu ma kai tsakar gidan ba. Ina ƙetare dokin ƙofar zaure, injina a kunne, ya kwarma wani ihu da ban taɓa ji ba, allura ta kwanta gefe ta ƙi tashi. Taubashina ya kawo nasa ya shafa wurin. Shiru.

"Tarkace na," in ji shi. "Wata tsohuwar galma ta. Mu wuce."

Da ya yi shiru da na wuce. Amma ya ƙara da cewa injina ko maƙera aka kai shi sai ya suma don murna. Na ɗauko dagi.

Na haƙa kamar kamu ɗaya, dagi ya daki wani abu. Ƴar tukunyar ƙarfe ce, an rufe ta da murfi an liƙe da laka. Muka buɗe. Akwai ƙahon rago a naɗe da fatar da ta ruɓe, da allurai, da wani ƙullin da ba mu gane ba. A ƙarƙashinsu kuma ga kuɗi masu huda a shirye a zare, da manyan azurfa biyu irin waɗanda mata kan rataya a wuya. Tukunyar ce ta rufe wa injin mai ilimi ido, ya ga baƙin ƙarfe ya ɗauke kai yadda aka umarce shi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Na yi rawa a zauren nan, da furfurata, ina kaɗa zaren a hancin taubashina. Ina cikin rawar na lura shi ba ya dariya. Ƙofa yake kallo.

Gwaggo ce a tsaye da sandarta da ƙullin daddawa. Ta dubi ramin, ta dubi tukunyar da rana ta faɗo a kanta.

"Na wa yaj jiyo shi?" ta tambaya.

Na ce nawa. Har a lokacin da sauran alfahari a muryata.

Ta zauna a kan dakali a hankali. Ta ce kafi ne, maganin tsarin gidan. Shekarar da aka gina zauren, ita da mijinta suka binne shi da hannunsu, kuɗin ma na aurenta ne. Wanda ya haɗa musu ya ce muddin yana ƙasa ba abin da zai fitar da mai gidan daga gidansa. Ko ɗanta ba ta taɓa gaya wa ba, don abu ne da ba a faɗa.

Ni ɗan boko ne, mai salla kuma, ban yarda ƙahon rago yana tsare kowa ba. Amma na yarda da Gwaggo, kuma na ga yadda fuskarta ta koma. Na ce mu mayar da shi yanzu-yanzu, mu liƙe, mu daɓe wurin, ba wanda zai sani.

"Ɗana," ta ce, "abin ga in yag ga rana ya mutu. Ka taɓa ganin an maida ƙwai cikin kaza?"

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Daga ranar dai barci ya ƙaurace mata a gidan da ta yi fiye da rabin rayuwarta a ciki. Motsin kaza sai ta zabura. Na kawo mata malamin unguwa ya yi addu'a, ta yi amin, ta ba shi goro, ba abin da ya sauya. Na ce ta dawo gidana, ta ce ba ta iya zama a garin tana hangen zaurenta daga nesa. Kafin konjen ɗanta ya ƙare ta kira shi ta ce ya kama mata wuri a gaban mota, saboda gwiwa.

Haka taubashina ya samu abin da ya shekara da shekaru yana roƙo, albarkacin injinsa da ya kasa. Ni na ci gasa. Bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, karo na farko ke nan tun haihuwarmu, kuma wannan shirun ya fi kowace tsokana yi mini ciwo.

A tasha, ana ɗaure kayanta a saman motar Yamai, ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini zaren kuɗin da azurfar biyu. Na ƙi karɓa. Ta cusa mini a aljihu ta ce ai su nake nema, ita kuma ba su da sauran aikin da za su yi mata. Aka taimaka mata ta hau, aka rufe ƙofa. Sai ta yafito ni ta taga, na matsa, ina zaton za ta ce ta yafe, ko in riƙa share mata gida.

"Abu guda nika roƙo," ta ce. "Kak ka bi da injin ga ta wajen kushewar mai gidana. Shi dai ku bar shi inda munka sa shi."

Direba ya tayar da mota.