Ranar da Muka Shayar da Kunkuru

Maƙwabcina ya sayo injin ban ruwa, ya kafa shi a fadamarsa ta shinkafa, daidai bayan dangata. Jiya da hantsi ina kishingiɗe a gindin dalbejiya sai ya tashe shi: tat-tat-tat, yana tari yana shessheka kamar tsohon da ya ƙware da fura. Ban san sadda na miƙe zaune ba. Matata ta ce ko kunama ce. Na ce a'a, muryar Kunkuru na ji. Ta ce Allah ya sawwaƙe, tsufa ya kama aiki. Ba laifinta ba ne, lokacin Kunkuru ko yaye ta ba a yi ba. Kai ma mai karatu na san ba ka riske ta ba, to gyara zama.

Kunkuru mota ce ƙirar Jamus, mai ƙusumbi, mai idanu kamar na kwaɗo. Ita ce ƙaramar mota ta farko da ta kwana a ƙauyenmu, can ƙetaren Kwara a ƙasar Bagudo, kan hanyar da ke bi ta Tsamiya ta shiga ƙasar da a lokacin muke kira Dahome. Ta Baba ƙarami ce, ƙanen mahaifina, malamin dabbobi. Hannu na biyu ya saye ta a Sakkwato, ranar da aka ƙetaro da ita a jirgin fito kuwa har masu kamun kifi sai da suka bar taru.

Ni aji huɗu na tsaya, ba don kan bai ja ba, sai don malaman sun gaji kafin ni. Amma tarihin motar nan na san shi kamar yunwar cikina, domin Baba ƙarami ya biya mana shi ya fi a ƙirga. Ya ce wani shugaba mai zafin kai aka yi a Jamus, ya ce a ƙera wa talakawa mota wadda za ta ɗauki miji da mata da 'ya'ya uku. Kakata da ta ji haka ta ce, sauran 'ya'yan fa, a ƙasa za su bi? Aka gina masana'anta, kafin talaka ya ɗana sai mutumin ya jawo yaƙi, aka koma ƙera motocin soja, abokan gaba suka yi wa wurin raga-raga. Bayan an gama, Turawan Ingila da suka ci garin suka sa aka share ɓaraguzai aka ci gaba da aiki. Daga nan motar ta bi duniya, har daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Ikko.

Ga inda gizo ke saƙa. Wai a ƙasarsu sanyi na daskarar da ruwa ya zama dutse ya fasa lagireto, shi ya sa suka yi ta ba lagireto. Injinta a baya yake, kuma iska yake sha. Tun da aka haife ta ba ta taɓa kurɓar ruwa ba.

Wannan shi ne abin da kakata ba ta taɓa yarda da shi ba. A gidanmu doka ce, duk abin da ya ɗauko ka daga tafiya, ko zai kai ka, sai ya sha kafin ka sha. Jaki, doki, san noma, har baƙon da ba a san sunansa ba. Manyan motocin da ke zuwa ɗaukar gero ma tana ganin yaran mota suna ɗura musu ruwa da bokiti, tana sa musu albarka. Ita kuwa wannan, in ji ta, abin da ba ya ci da haƙori ba ya sha da baki, a tambayi malamai ko mene ne. Shekara guda motar tana ƙofar gida, ko inuwarta ba ta taka ba.

Ni ne mai shayar da dabbobin gida a lokacin, ina da kamar shekara goma sha ɗaya. Ni ne kuma maigidan kakata, don haka take kirana, ni kuma in ce mata amarya, ta ce miji ba cefane.

Wata ranar bazara, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, wani mutum ya iso da la'asar a kan keke, leɓɓansa sun bushe. Daga Dahome yake. Ya ce wan kakata yana kwance, ya daina cin tuwo, sunanta kawai yake kira. Mu yara mun san tana da wa a can, amma ba a ambatonsa. Dalili kuwa, sadda mahaifiyarsu ta rasu a gidansa, ya sa aka binne ta kafin kakata ta iso, ta tarar har an watse daga maƙabarta. Ta juya a ƙofar gida ko ruwa ba ta sha ba, ta ce ita da gidan har abada. Damina ta fi ashirin ana haka.

Da mai keke ya gama, kakata ta tambaya, a jaki kwana nawa ne. Aka ce biyu, in jakin na da kirki. Mai keke ya ce shi dai bai ga alamar kwana biyu a jikin tsohon ba. Baba ƙarami ya ce in an fita bayan asuba, Kunkuru za ta kai ta kafin rana ta take. Ta ce to. Kowa a gidan ya yi mamaki, don ba a taɓa jin ta ce to ba a yi gardama ba.

Gab da magariba, ina dawowa daga rijiya, ta yafuto ni.

“Maigida, ka ba jakkai?”

Na ce na ba su.

“Waccan hwa? Gobe ita ka ɗaukata. Ba ni hawan abu da ƙishirwa, ko na aljannu ne. Kai mata buta guda, kada ubanka ƙarami shi gani, surutu garai.”

Na cika buta na zagaya. Na san baki a gaba yake ga kowace halitta, saboda haka na ɗaga murfin gaba. Ba inji, sai tayar safaya da wani murfi zagayayye. Na murɗe shi, wari ya bugi hancina, na ce lallai wannan ciki ya daɗe bai ga ruwa ba. Na juye butar tas, har da bisimilla. Ka ga aikin mai ilimi.

Da safe muka fita. Kakata ta ƙi zama gaba, ta ce ba ta son ganin ajalinta yana tahowa. Ta zauna a baya, ta rungume kwallarta cike da ƙuli-ƙuli, don sana'arta ke nan, ita ke matse man gyaɗar rabin garin. Ni aka sa in riƙe mata buta da tabarma. Motar ta tashi lafiya, kakata ta dube ni ta gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa, kamar likitoci biyu.

Daga baya na gane ruwan kwanciya ya yi a gindin tanki ya yi lamo. Sai da muka wuce Tsamiya muka faɗa gargada, mota na tsalle kamar ɗan akuya, sannan ya motsa. Kunkuru ta yi tari sau biyu, ta yi atishawa, ta mutu a tsakiyar daji. Ba gida gaba, ba gida baya, sai kalgo da sabara.

Baba ƙarami ya tuɓe riga ya buɗe baya. Ya kwance fulogi ya goge ya mayar. Ya taɓa fambel. Ya sa na yi turi har na ga taurari da rana. Inuwar motar tana ta shigewa ƙarƙashinta. Ni kuwa tun tarin farko wani abu yake ce mini butar nan ce, amma na dubi dorinar da ke ƙarƙashin kujerarsa na ce wa abin ya yi shiru. Kakata tana gindin kalgo tana jan carbi. Can na ji tana cewa a hankali, ba da kowa ba, “In ya tahi ban iske shi ba, na zama irinsa, laihin ya dawo kaina ke nan.”

Har rana ta take. Baba ƙarami ya zauna a ƙasa, ya ce shi dai yana jin inji ya buga, in kuwa haka ne sai dai a nemo jaki. Sai kakata ta taso, ta zagaya motar, ta dafa ƙusumbinta ta ji zafi.

“Ƙishirwa ce,” in ji ta. “Wagga rana, buta guda mi za ta yi mata? Maigida, ƙara mata.”

Baba ƙarami ya ɗago a hankali.

“Inna, buta guda ta mi?”

“Ta ruwa mana. Kai ka bar baiwar Allah shekara guda ba sha, mu munka ji tausai.”

Ya dube ni. Na dubi Dahome, na auna ko zan kai da gudu. Ya ce in nuna masa inda na zuba, na nuna da leɓe. Kakata ta shiga tsakaninmu ta ce ita ta aike ni, wanda zai taɓa mijinta ya fara da ita. Ina jiran saukar dorina sai na ji mutumin nan ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, har da dafa ƙirji. Ashe shi murna yake yi inji bai buga ba. Ciwon da aka san sunansa ai ya warke rabi.

Amma da sauran rina a kaba. Man da ke tankin daidai zuwa ne, sauran yana gida a garwa, kuma a wannan daji ko da kuɗinka ba mai sayar maka. In ya zubar da shi duka mun zauna. Ya ce da za a sami abin tara. Sai kakata ta shimfiɗa mayafinta ta juye ƙuli-ƙulin a kai, ta miƙa masa kwallar. Ya shiga ƙarƙashi ya zare tiyo, abin da ke tanki ya tsiyaye a ciki. Ya tsaya yana kallo, ya rasa ta inda zai raba.

“Kauce,” in ji ta. “Boko anka koya maka, ba mai ba. Bar shi shi kwanta.”

Daidai nan wata Bafillata ta ɓullo da ƙwaryar nono a ka. Ta tsaya ta ƙare mana kallo, ta ce, “Kaɗo, yau kuma ƙarfe kuke tatsa?” Kakata ta ce e, kuma ya fi shanunku nono, ara mini ludayi. Ta durƙusa gaban kwallar nan kamar yadda take yi gaban tunkuza. Ta karkata ta kaɗan, ta sa bakin ludayi a saman, tana kwalfa a hankali tana zuba wa Baba ƙarami a gwangwani, shi kuma yana mayarwa tanki ta cikin hularsa. Ba ta bari ko ɗigo na ƙasa ya hau ba. Da ta kai inda ta ga ruwa na leƙe, ta ce nan ne iyaka, ta watsar. Shi kuma ya kwance kafireta ya busa ya shanya a rana. Bafillata ta shinshina ludayinta ta ce ta yafe mana shi duniya da lahira, aka cika mata zane da ƙuli.

Muka tura, har da Bafillatar. Kunkuru ta yi tari, ta tofar, ta yi shiru, sannan ta kama. Wallahi na ji kiɗa iri-iri a rayuwata, ban ji mai daɗin wannan ba.

Iyakar a lokacin gora ce aka gitta a kan hanya. Jandarman da ke wurin ya leƙo, ya ga tsohuwa, ya ɗaga gorar. La'asar sakaliya muka shiga garin. Tun daga nesa kakata ta ce a kashe motar. Ta kasa kunne. Ba kuka, ba salati. Sai ƙarar taɓarya daga cikin gidan, mata biyu suna lugude.

“Ana daka,” ta ce. Ta nufi cikin gidan, muka bi ta.

Wan nata yana kwance a rumfa, ya zama ƙashi da fata, idanun sun tafi. Ta tsuguna ta kama hannunsa. Ya ja hanci.

“Wa ka warin kananzir haka?”

“Ni ce. Kai da ka bizne inna ba ka jira ni ba.”

“Rana ta yi zahi, auta. Tsoro na ji ta lalace a hannuna.” Ya numfasa. “Yau ai na jira.”

Ta ce ta gani. Ta ce ta yafe, shi ma ya yafe mata, ya ce shi bai taɓa riƙe ta ba, sai dai har yanzu bakinta bai mutu ba. Aka kawo ruwa a moɗa, ta shanye a gidan da ta rantse. Ranar ya sha kunu. Ya ƙara kwana tara, kuma da lokacin ya yi, tana zaune a gefensa.

Yanzu jikokin Kunkuru ne ke wucewa ta ƙofar gidana, daga Kwatano, sumul-sumul, ba tari ba atishawa. Ɗana na biyu ma yana da ɗaya. An yi gada a Kwara, tafiyar yini ta koma ta hantsi, sai dai gorar nan ta haifi shingaye da tambayoyi. Ga waya a aljihun kowa, amma ban ga zumunci ya ƙaru ba, gaba ce ma ta sami sauƙi, kana kwance za ka ƙi ɗauka. Ni kaina ina da ƙanwa da ke aure a can ƙetaren iyakar, shekara uku ke nan ba ma ga maciji, a kan maganar da in na faɗa maka sai ka raina mu duka. Na dai gaya wa yaron ya sha mai ranar Juma'a, ya zo ya ɗauke ni bayan an sauko. Laifin nata ne, kowa ya sani. Amma ni ne babba, kuma ni ke da ɗa mai mota.