Shekara Biyar Bayan Kaka, Ni ma An Yi Mini Ta'aziyya

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakana, Alhaji Sule mahauci, wanda duk babbar kasuwar Garoua ta san muryarsa. Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin. Ina kiransa angona, shi kuma ya ce ba zai auri yarinyar da ke cinye rabin saniya kafin azahar ba.

Kaka bai yarda da waya ba. Idan ta yi ƙara, yakan riƙe ta da yatsu biyu kamar ya ɗauko kunama. Na sha tunanin abin da zai ce da ya ga yadda muke yanzu, kowa ya sunkuyar da kai, har kajin gidanmu sun daina sa ran tsaba.

Watan jiya wani saƙon murya ya zagaye unguwarmu. Wani mutum da ba wanda ya san sunansa, yana magana kamar zai yi kuka, ya ce Baba Yakubu mai tsire yana zuba guba a yajinsa don ya ƙarar da Musulmi. Baba Yakubu Kirista ne, mutumin Mokolo, kuma tun kafin a haife ni wurin Kaka yake sayen nama. Na san haka sarai, amma na tura saƙon ga ƙawayena na lise, wato makarantarmu ta sakandare, har na ƙara da hoton fuska mai kuka guda tara. Kafin la'asar samari sun fara taruwa kan moto, wato babura, ana maganar ƙona rumfarsa.

A lokacin na tuna wata ɗabi'ar Kaka. Idan aka yi zargin wata saniya ba ta da lafiya, ba ya rantsuwa, ba ya gardama. Yakan yanko tsoka, ya gasa, ya zauna tsakiyar kasuwa ya ci a hankali kowa na kallo. In ya san naman ba shi da kyau kuwa, da hannunsa yake binne shi.

Na je na zauna a bencin Baba Yakubu. Ya ce in tashi, ba ya son a taɓa jikar Alhaji saboda shi. Na ce, "Baba, ni ma na tura. A ba ni tsinke biyar, a cika yaji." Na ci, na lashe takarda, na ƙara. Samarin suka jira in faɗi. Da suka gaji, biyu daga cikinsu suka zauna suka ci.

Washegari sabon saƙo ya fito: wai yarinyar nan ta mutu. Gwaggona ta bugo daga Domayo tana kuka za ta yi wa Inna ta'aziyya, ni na ɗauka. Ta ce, "Wace ce?" Na ce, "Mamaciyar ce, Gwaggo."

Mun yi dariya, amma rabin masu sayen tsiren Baba Yakubu ba su dawo ba, kuma har yau ba mu san mai muryar ba. Wuƙaƙen Kaka kawunnaina suka gada, ni wannan taurin kan ya bar mini. Duk mai shirya saƙo na gaba ya sani, kullum aka tashi daga lise ina kan bencin nan, bakina duk mai. Ya zo ya ɗauki hoto.