Kututturen da Bai Yi Toho Ba

Shekarar da na sayi injin yankan itace kaina ya kumbura har hula ta nemi ta ƙi zama. Kafin nan da gatari nake sana'a, ina yi wa masu gidan burodi faskare a cikin birnin Daura, tafin hannuna duk kanta. Da inji ya shigo hannuna, itacen da zai cinye wa ƙarti huɗu yini guda, ni kafin mai shayi ya sauke tukunya na kwantar da shi. Na iya wasa haƙoran sarƙa da magagari, na iya gauraya fetur da mai daidai yadda inji ke so, ina duban itace in ce ga inda zai faɗi, kuma can ɗin zai faɗi. Mutane kan taru su yi kallo, ni kuwa in ƙara masa wuta don su toshe kunne.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowane gari ya tashi da aikin gayya. Nan ana gyaran masallaci, can ana yashe rijiya, ko'ina ka juya kwamiti ne. Ƙauyen su mahaifiyata, can wajen Babban Mutum, nasu kwamitin ya sa makabarta a gaba. Shingen aguwa ne ya kewaye ta tun kaka da kakanni, ya tsufa ya yi giɓi-giɓi, awaki suna shiga suna tattaka kaburbura. Cikinta kuma itatuwa sun yi duhu: aduwa, magarya, kalgo, darbejiya, da wata tsamiya da aka ce wasu mata na zuwa su ɗaura mata tsumma. Samari marasa aikin yi suna ɓuya a inuwar su yi karta. Aka yanke shawarar a tuge aguwar a ja katangar bulo, a share cikin tas.

Shugaban kwamitin, wani Alhaji mai fataucin dabbobi, shi ya zo har birni ya same ni. Bai gama bayani ba na ce masa ko sisi ba zan karɓa ba, fetur kawai za su zuba mini. A wannan makabarta mahaifiyata take kwance. Ta rasu ina da shekara huɗu, mahaifina ya ɗauko ni ya dawo da ni birni, ban san kamanninta ba sai abin da ake faɗa mini, wai tana da wushirya kuma ba ta iya faɗa ba. Na ce a raina ga hanyar da zan yi mata sadaka da ƙarfina.

Ban san kabarinta ba, wannan kuwa laifina ne. Kawuna, yayanta, shi ne mai haƙa kabari a garin tun yana saurayi, shi ke kula da makabartar. Duk sallah idan na je gaishe shi sai ya ce, "Ɗan nan, zo mu je in nuna maka wurin uwarka." Ni kuma in ce, "To Kawu, sai wani zuwan, rana ta yi." Kullum da abin da ke jirana a birni. A wancan lokacin Kawu ba ya gari. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, an kai shi an yi masa aiki, yana jinya a gidan 'yarsa a Mai'adua. Babu wanda ya ga dalilin a jira shi, ni ma ban gani ba. Har cewa aka yi gara a gama kafin ya dawo, ya tarar an hutar da shi.

Kwana uku na yi ina aikin, cikin zafin bazara. Alhaji ya ce in yanke kowane itace daidai da ƙasa, kada masu ɗaukar makara su riƙa tuntuɓe. Na durƙusa na riƙa kwantar da inji har sarƙa tana lasar yashi. Ina kayarwa, mazan gari suna ja suna fitarwa waje, a tara gefe guda don rufin kaburbura. Ban ɗaga kai na dubi gabas ko yamma ba, daga wannan gindi sai wancan.

Akwai wata dabara da na koya wajen wani da ya yi aikin katako a kudu. Idan ba ka so kututture ya sake tohowa, sai ka tsattsaga samansa da bakin inji, ka tsiyaya baƙin mai, wato tsohon man mota da muke shafa wa sarƙa, ya shige cikin tsagar. Ba wanda ya sa ni. Gwaninta ce kawai ta motsa, ina so a ce mutumin birni ya yi aikin da ba sai an sake kiransa ba. Man bai isa duka ba, sai na zaɓi manyan na zuba musu.

Itace ɗaya ya ba ni wahala. Wata aduwa ce da ta karkata, gindinta da wani tsohon tabo mai faɗi inda aka taɓa sare babban reshe da gatari. Aduwa dama taurin kai gare ta. Ta matse mini sarƙa sau biyu, ƙayarta ta yage mini riga, da ta tashi faɗuwa ta juya ta nufi inda ban ce ba. Raina ya ɓaci. Na ce da ita, a gaban mutane, "Ke da ganye kuma sai a lahira." Aka yi dariya. Na tsattsaga kututturen kamar ana yanka kabewa, na juye masa duk abin da ya rage a galan.

Na koma birni ana ta sa mini albarka. Aka ja katanga, aka buɗe sabuwar ƙofa ta wajen hanyar mota, aka toshe tsohuwar da ke kallon gari. Iskar da ke zuwa gaban damina ta kwaso yashi ta shimfiɗa a filin, tunda babu abin da zai tare ta. Ruwan farko ya zo da ƙarfi ya baje tsofaffin tudun kaburbura.

Wata uku bayan nan aka aiko mini cewa Kawu ya dawo, yana nemana, kuma in zo yau ba gobe ba. Na hau mashin da murnata, na tsaya na saya masa goro. Ban same shi a gida ba. Aka ce yana makabarta tun hantsi.

Na tarar da shi tsaye a tsakiyar fili, ba sanda, idanunsa garau. Shekara da shekaru yana bin wurin nan da lalube, ranar da ya samu ido kuma ga abin da ya fara gani. Liman na gefe da Alhaji da wasu dattawa. Kusa da su akwai rami da aka fara haƙawa aka mayar da ƙasa. Wata tsohuwa ce ta rasu da safe, matasa suka zaɓi inda suka ga fili ne suka sa magirbi, ba su kai gwiwa ba suka ci karo da mutum. Suka matsa gaba, suka sake cin karo da wani. Sai a rami na uku aka samu aka rufe ta.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Kai ka yi wannan?"

Na ce, "Kawu, kwamiti ne ya..."

"Kwamiti ne ya riƙe injin?"

Kawu ya juya ga Alhaji ya ce, "Alhaji, kun taɓa ganin na sa wa kabari alama? Kun taɓa ganin na haƙa a kan wani? To da me kuke tsammani nake ganewa, da ido? A lokacin ina da ido ne?" Ya nuna sararin da hannu. "Daga tsamiya zuwa kalgo mai baki biyu, mutanen shekarar amai da gudawa ne, ba a taɓa wurin. Daga magarya taku tara kudu, mahaifinka ne, Alhaji. Bayan darbejiya uku akwai fili na mutum ashirin, shi nake tattali. Kowane itace da mutanensa. Haka mahaifina ya bar mini."

Alhaji ya cire hula ya riƙe a hannu. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ni da nake ganin na share daji, ashe littafin garin na kama na yayyaga, kuma a kan kuɗin fetur.

Wani daga cikin dattawan ya ce ai kututturan suna nan ƙarƙashin yashi, a samo ƙarfe a riƙa sokawa har a gano su. Liman ya ce sam, ba za a bi kan bayin Allah ana soka musu ƙarfe ba, abin da aka yi yau ma ya isa. Kawu ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "A bar su. Itace ba ya mutuwa don an sare shi. Damina ta sauka, za su toho. Ganye zai faɗa mini wane ne wane." Dattawa suka yi ajiyar zuciya, har wani ya ce Alhamdulillahi.

Ni kaɗai na san abin da na zuba. Ban faɗa wa kowa ba. Na ce a raina wataƙila dabarar ƙarya ce, wataƙila ruwa zai wanke man. Ban taɓa roƙon Allah ya sa aikina ya lalace ba sai a wannan damina.

Na ajiye inji na koma ƙauyen da zama. Kowace safiya ni da Kawu muna shiga, ba takalmi, muna bin filin a sunkuye. Kalgo ya fara fitowa, ganyensa kamar kofaton raƙumi. Darbejiya ta biyo, ita dama ba ta da zuciya, ko ina ka yanke ta sai ta dawo. Magarya ta fito da 'yan ƙayoyinta. Duk wanda muka gani, Kawu ya tsuguna ya murza ganyen ya shinshina, ya ce wannan wane ne, ni kuma in kewaye shi da ƙaya saboda kada a taka. Ya koya mini a bar toho biyu ko uku masu ƙarfi a cire sauran, don itacen ya miƙe da wuri. A hankali makabartar ta fara dawowa cikin kansa. Ya gano filin mutum ashirin ɗin. Ya gano mahaifin Alhaji, da ƙyar, ta wata ƙaramar magarya.

Amma akwai wurare da suka zauna fayau, ko tsinke babu. Kawu yakan tsaya a bakinsu ya yi ta juyawa. Har gero ya fitar da kai bai daina cewa a ƙara haƙuri ba, manyan itatuwa suna da nawa.

Wata safiya muna wajen gabas ya ce, "Abin da ke ɗaure mini kai aduwar nan ce. Aduwa ko wuta ta ci ta tana dawowa. Wata karkatacciya, mai tabo a gindi. Ni na yi mata tabon. Reshenta na sara na rufa wa uwarka, taku uku daga gindin, wajen alƙibla. Shi ya sa ban ƙara taɓa ta da gatari ba."

Na zauna a kan yashi. Na tuna rigata da ta yage, na tuna dariyar da aka yi, na tuna galan ɗin da na kife har ɗigon ƙarshe. Na matse ƙwaƙwalwata in tuna inda take tsaye, ko kusa da me, ko rana tana ta wane ɓangare. Babu. Gindi kawai nake gani da sarƙa.

Na faɗa masa duka, har maganar da na yi wa itacen. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni, da na ji sauƙi. Kallona kawai ya yi da sababbin idanun nan nasa, ya ce, "Wa ya sa ka?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya gyaɗa kai. Ya kama hannuna ya tashe ni, kamar ni ne tsohon. Ya ja ni zuwa wani kalgo da ya toho, daga nan muka taka har wata darbejiya, muka karya kudu zuwa wata magarya, muka dawo inda muka fara. Filin da muka kewaye ya kai girman masussuka, mutum talatin za su kwanta a ciki ba matsi.

Ya ce, "Shekara nawa ina cewa ka zo in nuna maka. To ga shi na nuna maka. Tana cikin nan."

Kawu ya rasu bayan damina biyu. Ya so a sa shi kusa da ƙanwarsa, ya sha faɗa tun ina yaro. Ni na haƙa kabarinsa, a bakin wancan fili, wajen kalgon, don babu mai ƙarfin halin sa magirbi a ciki. Ko taku biyar ne tsakaninsu ko talatin, Allah ne masani.

Itatuwan da muka kewaye da ƙaya yanzu sun fi katangar tsawo. Duk sallah ina zuwa, kuma ba na cewa rana ta yi. Nakan tsaya a gindin kalgon in yi sallama, in ɗaga murya kaɗan, don ban san nisan da take ba.