Ranar da Jamilatu Ta Hukunta Ɗan Reslin a Abhur

Jamilatu ta zo umra daga Gusau shekara goma sha ɗaya ke nan, har yau ba ta gama ba. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Madain Fahd a nan Jidda, don haka halinta ba labari aka ba ni ba. 'Yar firit ce, amma ba a cin zali a gabanta. Ta taɓa raba faɗan kuliyoyi biyu, ta yanke hukunci, ta jefi mai laifin da silifa. Ga shi ba ta da iƙama, wato takardar zama. Kullum sai na ce mata, "Yaya, marar takarda ba ya ɗaga murya a Jidda. Kina tari za ki tsinci kanki a jirgin gida." Sai ta ce to, ta ci gaba da abinta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne reslin. Ita a dole gaske ne. Har sunaye ta raɗa wa 'yan wasan. Akwai Farin Wata, mai murmushi, wanda ke fitowa a talla yana ce wa yara a daina cin zali. Akwai Gemun Sharri, wanda take ja wa Allah ya isa ta cikin talabijin har miya ta ƙone.

Da ƙyar na samo mata aikin girki da shara a wani gidan baƙi a Abhur, wajen wani Mish'al da ya yarda ya kau da kai daga zancen takarda. Sati na uku sai ga kamfanin reslin ya zo wasa, aka sauke 'yan wasan a gidan, har da mutanen nata biyu.

Kwana biyu tana zuba wa Farin Wata cinyar kaza. Gemun Sharri kuwa wuya da ƙafa, ta kuma ambaɗa masa yaji. Bawan Allah ya cinye yana hawaye, ya ce shukran, ya wanke farantinsa.

Rana ta uku da hantsi za a kai su wata makaranta su yi wa yara nasiha. Tana goge-goge sai ta ga Gemun Sharri ɗauke da jakunkunan kowa. Ashe sabon shiga ne, haka suke wa sababbi. Farin Wata ya tuɓe masa takalma ya wurga a tafkin wanka, ya nuna masa ya shiga ya ɗauko da baki. Ya shiga kuwa, saura suna ta ƙyaƙyata dariya. Shi kuma Farin Wata, wallahi riga mai rubutun a daina cin zali ce a jikinsa.

Ta ce ta tuna da maganata. Ta ce har sau uku ta tuna. Sannan ta kwaɗa wa Farin Wata sandar mofa a ƙeya, ta ce masa kazzab, wato maƙaryaci, ta ƙarasa sauran da Zamfarci.

Mish'al ya fito a guje. "Halas," ya ce, "yalla, kama hanya." Bai kira 'yan sanda ba, don kamfanin ma ba ya son zancen ya fita.

Da la'asar muka ga Farin Wata a waya, ga ƙulu a kai, yana gaya wa yara cewa jarumi ba ya taɓa na ƙasa da shi. Yara na ta tafi. Na wanke Jamilatu tas, na kuma yi kuka, don ban san inda zan sake samo mata aiki ba.

Da na gaji, sai ta ce Gemun Sharri ya biyo ta har bakin ƙofa yana ɗigar ruwa. Ya sa direba ya fassara masa, yana roƙon kada ta gaya wa kowa, za a kore shi, 'ya'yansa uku.

"Fauziyya, ashe duk ƙatonsa, shi ma kafili gare shi, ubangidan da zamansa ke hannunsa."

"To me kika ce masa?"

"Na ce ya kwantar da hankalinsa. Wa zan gaya wa, ni da ko suna ba ni da shi a ƙasar nan?"