Dutsen da Na Jefi Karen Kakana

Duk lokacin da na ji ƙanshin nonon akuya a akushi, karen kakana nake tunawa, sai in ji kaina ya yi nauyi.

A shekarar babban fari kakana ya iso Arlit daga dajin Gugaram. Dabbobinsa duk sun mutu. Abin da ya rage masa takobi ne da kare guda, dogo, siriri, ja kamar rairayi, haƙarƙarinsa duk a waje. Babana direba ne a kamfanin ma'adinai, kuma a lokacin an fara sallamar ma'aikata, tuwon gidan ma da ƙyar yake isa. Amma komai ƙanƙantar nonon da aka ba tsohon, sai ya raba da karen.

"Ba yunwa ba ce, abokina," in ji shi da ya ga ina kallon haƙarƙarin karen, "haka Allah ya halicce su." Oska ake kiran irinsu da yarenmu. Ya ce tun kaka da kakanni suke tare da mu, suna kamo barewa a guje, suna tsaron tanti, kuma ba sa yarda da baƙo. Ni kuwa cikin wata guda karen ya yarda da ni, yana raka ni har bakin lakwal, wato makarantarmu.

Wata rana da aka tashi, na tarar yara sun kewaye shi suna ihu: "Karen yunwa! Karen 'yan gudun fari!" Wani ya juyo ya ce, "Kai, ba naku ba ne?" Na ce ban san shi ba. Don su yarda, na ɗauki dutse na jefa. Ya same shi a ƙafar baya. Ko haushi bai yi ba. Ya dube ni, ya juya yana ɗingishi.

Da na isa gida, kakana na ɗaure masa ƙafar da yankin rawaninsa. Bai ɗago kai ba.

"Wanda ya jefe shi na gida ne," ya ce. "Da baƙo ne, da bai tsaya ba."

Karen bai ƙara kusantata ba. Da damina ta sauka, suka koma daji. Daga baya tawaye ya rufe hanyoyi, labarin rasuwar kakana kawai ya iso mana.

Yanzu Arlit ta cika da motocin masu neman zinariya, irin waɗannan karnuka kuwa sun yi wuyar gani. Ni ma furfura ta fara kama ni. Har yau ban faɗa wa kowa a gidanmu hannun wa ne ba.