Injin da Muka Ɓoye a Rami

Shekarar da 'yan bindiga suka fara bin ƙarar injin ban ruwa, ina aji biyu a sakandare, amma makarantar tana rufe. Garinmu yana tsakanin Isa da Kamarawa, kuma da rani albasa muke yi a fadama. Duk wanda injinsa ya yi ƙara da yawa, sai a ga babura sun fito daga daji. Wani maƙwabcinmu ya riƙe nasa da hannu biyu ya ƙi saki, suka fasa masa haƙora da gindin bindiga.

Injinmu na Baba ne da Kawu, ƙanen Inna, tare suka saye shi. Don kada a ji shi, suka haƙa rami a bakin rijiyar gona, zurfinsa har ƙugun mutum, suka saka shi ciki, suka rufe da zana da tsofaffin buhuna. Ƙarar ta koma kamar ana daka a wani gida mai nisa. Sai dai injin ya fara shaƙar hayaƙin kansa. Akwai soso a gefensa wanda ke tace iska kafin ta shiga, kafin azahar ya koma baƙi ƙirin. Jikinsa kuwa, in ka tofa miyau sai ya yi tsalle.

Ni ce mai wanke soson, don hannuna ƙarami ne. Nakan wanke shi da ɗan fetur a murfin kwano, in matse, in ɗiga baƙin mai kaɗan, in sake matsewa. Sannan in bi tsagogin ƙarfen da ke kan injin da tsinken tsintsiya, ina fitar da laka da ƙafafun fara. Ba na yawan magana, shi ya sa Baba ke son aiki da ni.

Baba ya yanko guntun tiyo, ya ɗaura a bakin da iska ke shiga, ya fito da ɗaya bakin waje, ya rufe shi da tsohon kallabin Inna. Ya kuma buɗe ƙofa biyu a jikin zanar, ɗaya ta wajen fanka, ɗaya ta wajen salansa, don iska ta ratsa. Zafi ya ragu, ƙara ta ƙaru. A kan ƙofofin nan suke faɗa da Kawu kullum.

"Yaya, kiransu kake yi da wagga ƙara," in ji Kawu.

"Kai a sa ka rami a toshe maka hanci, mu gani in kana jan ruwa."

"Ni ba ni da salansa."

"Kana da ita. Duk unguwa na jin ta in ka ci wake."

Ranar da abin ya faru, da hantsi, wani mai kiwo ya wuce da awakinsa da sauri, ya ce ya ga sawun babura a kan hanyar Bafarawa. Baba yana can ƙarshen gona yana karkata ruwa daga fangali zuwa fangali. Kawu ya ɗebo buhuna ya cusa a ƙofofin biyu, ya danna da ƙafa. Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Na fara jin warin roba. Muryar injin ta canza, tana hawa tana sauka. Sai ya buga wata ƙara, tau, kamar an harba bindiga a cikin ƙasa, wuta ta kama buhunan. Zana busasshiya ce. Kafin Baba ya iso da gudu, hayaƙi baƙi ya miƙe sama, wanda za a hango daga ko'ina. Baba ya fizge tiyon ruwa ya watsa, Kawu yana zuba ƙasa da hannu. Da wutar ta mutu, Baba ya juya ya shara wa Kawu mari. Kawu ya kama wuyan rigarsa, suka faɗa cikin albasa suna birgima. Suna haka muka ji babura.

"Kwanta cikin hanyar ruwa," Baba ya ce mini. "Ko mi kika ji, kada ki tashi."

Na kwanta rub da ciki a cikin laka, bayan tarin karan dawa. Ta tsakanin karan ina ganin ƙafafu. Ɗaya yana da takalmin roba, igiyar ɗaya ta tsinke an ɗaure da waya. Wani muryarsa ko gama buɗewa ba ta yi ba.

"Wa ad da injin?"

"Ni na," in ji Baba.

"Rami kuka yi mashi? Mu kuke ɓoye ma?"

Na ji bugu, irin na sanda a kan buhun gero. Kawu ya faɗi kusa da ni har na ga idonsa, jini yana bin kunnensa yana shiga laka. Ya gan ni. Ya juya fuskarsa wani gefe don kada su bi kallonsa.

"Hiddo shi," suka ce wa Baba.

"Ku bari ya huce, don Allah. Yanzu ya hita wuta."

Mai takalmin roba ya ɗora bakin bindiga a ƙeyar Kawu. "Ka hiddo shi, ko in cika ramin da wanga."

Baba ya sauka cikin ramin. Ya nemi tsumma, suka ture tsumman da ƙafa. Ya kama ƙarfen da hannu tsirara. Na ji sautin, kamar an jefa albasa a mai. Bai yi ihu ba, wani nishi ya yi ta hanci, ya ɗaga injin ya dire a bakin rami. Da ya saki, fatar tafinsa ta zauna a jikin ƙarfen. Na cusa gefen hijabina a baki na cije.

Ɗayansu ya ja igiyar tayarwa, ta ƙi motsi. Ya taka injin ya ja da ƙarfi, igiyar ta tsinke, ya faɗi zaune. 'Yan uwansa suka yi dariya. Ya tashi a fusace ya harbi injin da bindiga, ya sake harbi, guntun ƙarfe ya wuce ta saman kaina ya shige cikin kara. Sannan ya bi Baba da shuri a ciki, a baya, a fuska, Baba yana ɗaga hannuwansa sama don kada su taɓa ƙasa. Suka kwashe jarkar fetur da wayar Kawu, suka bi ta tsakiyar albasa da baburansu.

Ban tashi ba sai da Kawu ya kira ni. Na rarrafa wajen Baba. Baba yana kwance a gefe ɗaya, yana numfashi. Ya ce, "Ɗiyata, zuba min ruwa." Na yi ta ɗibowa da murfin kwano ina zubawa a tafukansa, Kawu ya ruga gari neman mai babur da zai kai shi asibiti a Isa.

Albasar ta bushe, sai fangalin da ke kusa da rijiya, wanda ni da Inna muka riƙa bai wa ruwa da bokiti. Baba ya dawo da hannuwa a naɗe kamar dami. Inna ke ba shi abinci, amma akwai abin da bai yarda mace ta yi masa ba, ko ɗiya. Kawu ke zuwa kowace salla, da ƙulli a gefen kansa, ya kai shi bayan gida, ya ɗaure masa mazagi, ya wanke masa fuska da ƙafafu. Da farko ba sa ce wa juna komai. Wata la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji Baba ya ce, "A hankali, kana zuba min ruwa a hanci."

"To ɗaga kanka, Yaya."

Baba ya ɗaga.